Filin da Na Cire wa Gidan Dodo

Shekara talatin da ɗaya na yi ina jera baƙaƙe a maɗaba'a, tun zamanin dalma har aka kawo ordinata, wato kwamfuta, kuma duk wanda ya koyi aiki a hannuna ya haddace doka guda: a bar filin layi biyu a saman kowane take, layi ɗaya a ƙasansa, daga shafin farko har na ƙarshe. Nakan ce musu wannan farin fili katanga ne, shi ke nuna inda magana ta ƙare da inda wata ta soma.

Da katafila ta gama rushe unguwarmu Zongo ta Wagadugu a shekarar 2003, aka warwatsa mu a bayan gari, sai dattawa suka kafa kwamiti domin a buga ɗan littafi kafin a manta. Kowane gida da takensa, da sunan wanda ya kafa shi, da garin da ya fito. Gida tamanin da huɗu. Ni aka danƙa wa aikin, domin ni ɗan unguwa ne, maɗaba'armu kuma tana nan Dapoya.

Injinmu shafi goma sha shida yake bugawa a falle guda, saboda haka aka tsayar da littafin a shafi sittin da huɗu. Da na gama jerawa, sai layi biyu suka yi saura, ba su da wurin zama. Na san dalili. A ƙarƙashin gidanmu na ƙara wa mahaifina yabon da kwamiti bai rubuta ba, cewa Malam Sani bai taɓa rasa sahun farko ba, ba a kuma taɓa jin ya ɗaga wa maƙwabci murya ba. Layi biyu ne cif. Maimakon in share su, sai na bi taken gidajen ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda zan matse.

Shafi biyu bayan namu na tsaya a kan Gidan Dodo, wanda ke bin Gidan Alhaji Karim. Tun ina ƙarami kakata takan ce Dodo a bayan ayarin Karim ya shigo Wagadugu, ɗauke da huhun goronsu a ka. Daga baya ya sami filinsa, ya haƙa rijiyarsa, ya ja katanga tsakaninsu, amma ƴan gidan Karim ba su daina cewa “yaranmu” ba. Na cire filin da ke saman taken. Sunan Dodo ya manne da layin ƙarshe na gidan Karim, littafi ya cika daidai. Ba zan ce hannuna ya zame ba.

Aka buga ɗari uku. Ran Litinin direbobi suka tafi da arba'in domin danginmu na Yamai da Tawa, ƴan kwamiti suka ɗauki ɗai-ɗai, sauran kuwa sai Juma'a za a raba. Ran Laraba da hantsi ƙaramin babur mobilet ya tsaya a ƙofar maɗaba'a. Zulai ce ke tuƙi, a bayanta mahaifiyarta Inna Dela, ƴar Dodo ta ƙarshe da ta rage, ta haura tamanin, ba ta taɓa karanta harafin boko ba.

“Rafi'u ɗan Sani,” in ji ta, “furfura ta fito, amma kunnuwan nan suna nan kamar faifai. Ba ni kujera.”

Na durƙusa na gaishe ta. Ta karɓi littafin da suka aro wurin wani ɗan kwamiti daga hannun Zulai, ta kwance bakin zanenta, ta fito da guntun tsinken tsintsiya. Ta buɗe shafin farko ta ɗora shi a saman take, ya zauna daidai cikin filin. Ta juya shafi.

“Nan ya shiga. Nan ma ya shiga. Wannan gidan wa ne?”

“Gidan Mahauta ne, Inna,” in ji Zulai.

“Ko mahauta an ba su ƙofa.” Ta ci gaba har shafi na arba'in da uku, ta ɗora tsinken, ya hau kan rubutu. Ta ɗago ta dube ni.

Zulai ta ce, “Yaya Rafi'u, jiya a gidan suna Salamata ta gidan Karim ta buɗe shi gaban mata, ta ce, ‘To, ga shi ko littafi ya san a zaurenmu kuke kwana.’ Aka yi ta shewa. Inna ko furar ba ta sha ba.”

“Inji ne, Inna,” na ce. “Wani lokaci ordinata takan matse rubutu.”

“Ashe ordinata ta san Dodo? Ta wuce gida tamanin da uku da sallama, sai namu ta faɗa babu ko gyaran murya?” Ta rufe littafin a hankali. “Ranar da katafila ta ture katangar ubana ban yi kuka ba, don ta kowa ta ture. Taka katafilar kuwa tamu kaɗai ta sani.”

Ta tashi, ta bar tsinken a kan teburina.

Washegari bayan azahar na sami ƴan kwamiti a sabon gidan Alhaji Boukari, jikan Karim, wanda shi ne shugaba. Labari ya riga ni isa. Tun ban zauna ba ya ce, “Malam Rafi'u, kada ka damu da rigimar tsohuwa. Kuskuren inji ne, kowa ya sani. Gobe a raba.” Sauran suka gyaɗa kai. Sun buɗe mini ƙofa, abin da ya rage kawai in yi shiru in wuce.

Na ce ba inji ba ne. Na buɗe shafin gidanmu, na karanta musu layi biyun da na ƙara, sannan na faɗi inda na samo musu wuri da dalilin da ya sa na zaɓi nan. Babu wanda ya dube ni. Can Alhaji Boukari ya ce, “To, kai ka ɗinka, kai za ka farke.”

Aka ɗage rabon da mako guda. Na share yabon mahaifina, na mayar wa Dodo filinsa, na sake buga fallen, na farke littafi ɗari biyu da sittin, har da na ƴan kwamiti, da hannuna na sake ɗinke su. Na farkon na kai wa Inna Dela, haɗe da tsinkenta. Ta gwada, ya shiga. Sai ta koma baya shafi biyu, ta tsura ido.

“Naku ya gajarta.”

“Abin da na ƙara ne na cire, Inna.”

“Me ka ƙara?”

Na faɗa mata.

“Ai gaskiya ne. Shekara arba'in muna jin tarin juna da Sani, ban taɓa jin faɗansa ba. Da ka zo ka tambaye ni, da na ce a rage a namu a sa masa.” Ta ɗaure tsinken a bakin zane. “Waɗanda suka tafi Yamai fa?”

Tun daga ranar nake bin direbobi a tasha da sabon littafi a hannu, ina roƙon su karɓo mini tsohon. Shekara huɗu ke nan, goma sha ɗaya suka dawo. Inna Dela ta rasu bara, kuma duk lokacin da na je gaishe ta kafin nan, bayan gajiya da iyali, tambayarta ta uku ita ce saura nawa.