Turaren Tarbar Kubura

Duk wanda ya san unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui kafin rikici ya san shagon Alhaji Ya'u mai yadi a bakin Titin Koudoukou. Mutum ne da ba ya sayen atamfa sai ya ɗaga ta ga rana ya gani. Gidansa yana bayan shagon, taku ashirin, kuma duk ƙurar da manyan motocin Kamaru suka tayar, jajawur kamar garin barkono, a ɗakin matarsa Kubura take sauka.

Kubura tana da fuka tun tana budurwa, irin wadda ƙirji ke kuka kamar kyanwa. Da can abin da sauƙi. Amma da aka rufe unguwar, harbi ta gabas, harbi ta yamma, sai Ya'u ya toshe tagogi da buhunan yashi, aka shigar da murhun gawayi cikin ɗaki, domin tsakar gida ta zama masaukin harsashi. Shara kuma ba mai kwashewa, sai dai a ƙona. Harsashi bai same ta ba, hayaƙi ne ya kusa kai ta. A farkon 2014 ya ɗora ta a motar ayari ita da autarsu Jamila, suka nufi Garwa-Bulai, can bakin iyakar Kamaru. Shi ya zauna gadin shago.

Shekara biyu ke nan. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya kira ta.

"Alhaji, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Me ka ci?"

"Abinci mana."

"To, burodi da shayi ke nan. Allah ya shirye ka."

In ta kashe wayar yakan daɗe da ita a kunne, kamar akwai sauran magana a ciki.

Wata Juma'a sai muryar Jamila ya ji. Yarinyar ta samu aikin taimaka wa ma'aikatan jinya a can, baki ya buɗe.

"Baba, Mama ta matsa sai ta dawo, tunda an ce hanya ta lafa. Ni zan kawo ta. Amma ka ji sharaɗi: in ƙirjinta ya tashi a ɗakin nan, motar Asabar za mu biyo mu koma."

"Ke kika haife ta ko ita ta haife ki?"

"Ni dai nake riƙe mata famfon numfashi."

Ya'u ya sakko, domin mai gaskiya ko yaro ne ya fi ƙarfin gardama. Ya tambaye ta abin da ƙirjin ba ya so, ta lissafa masa: ƙura, gawayi, hayaƙin inji, tsofaffin shimfiɗu. Sati shida aka ba shi.

Ya fara da buhunan yashi, ya fitar da su ɗaya-ɗaya har bayansa ya riƙe. Ya naɗe kafet uku da Kubura ke ji da su. Da ya kakkaɓe ta farko, abin da ya fito ya isa a yi yaɓe. Ya sa aka shafe ƙasan ɗakin da siminti mai santsi. Murhu ya koma ƙarƙashin rumfa a ƙarshen gida. Dattijo mai shekara sittin da uku ya koyi shara: a yayyafa ruwa tukuna, kada a yi wa tsintsiya gaggawa, a bi kan kabad da jiƙaƙƙen tsumma, takalmi kuma ya tsaya a bakin ƙofa ko na wane ne.

Maganar tagogi kuwa, nan sana'a ta yi rana. In ya rufe su, zafin Bangui ya dafa mutum. In ya buɗe, titi ya shigo. Sai ya sauko da yadi kala shida daga kanta, yana kara kowanne a baki yana hurawa, har ya samu wani siririn farin yadi da iska ke ratsawa. Ya ninka shi biyu, ya kafa a kowace taga, yana jiƙa shi safe da yamma. Ya ajiye ƙyallen farar shadda a kan kabad don shaida. Da farko kwana ɗaya take yi ta yi ja. Daga baya ta kai kwana tara tana fara.

Saura maƙwabcinsa Dabo mai cajin waya, wanda injin wutarsa ke jingine da katanga.

"Dabo, gurup ɗin nan naka ta tagarmu yake tusa."

"To Alhaji ina zan kai shi? In goya shi?"

"A'a, wuya za mu ƙara masa."

Washegari Ya'u ya zo da dogon bututu da mai walda, aka miƙar da hayaƙin ya wuce saman kwano.

"Wannan duk don tsohuwa?" in ji Dabo. "Wallahi ko amarya ba a yi mata haka."

"Amarya ai numfashinta sabo ne."

Ranar Laraba da za su iso, Ya'u ya sa babbar riga tun da hantsi. Kafin ya tafi inda motoci ke sauke mutane, ya miƙa mabuɗi ga yayarsa 'Yargoggo, wadda ta zo da mata uku don girki.

"Yaya, ga ɗakin nan. A gyara shi yadda ya kamata."

"Kai za ka koya mini tarbar matar gida? Tafi abinka."

'Yargoggo ta leƙa ɗakin, ta ji warin siminti da sabulu, ta ce wannan ai asibiti ne. Mace ta yi shekara biyu a bukkar leda, a ce ta dawo ɗakin da ba ƙamshi? Ta ciro turaren wutar da ta ɓoye tun kafin rikici, mai sandal da hawi, wanda ko bikin jikarta ba ta taɓa ba. Suka rufe ƙofa da tagogi ruf, suka jera kasko uku, suka turara katifa, matasai, labule, har da farin yadin tagogin. Tun azahar har la'asar.

Tun daga zaure Ya'u ya ji ƙamshin, kuma, Allah ya gani, daɗi ya ji. Sati shida yana farautar hayaƙi, bai taɓa sa turare a lissafi ba. A wurinsa turare ba hayaƙi ba ne, mutunci ne.

Kubura ta rame, ta yi furfura a goshi. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, ta cire takalmi, ta lumshe ido.

"Mama, kada ki shiga!" in ji Jamila.

Ta shiga. Ta shafa katifar, ta ja numfashi mai tsawo, ta sake ja. A na uku kyanwar ta farka. Kafin a ce me, Jamila ta fito da ita tsakar gida, ta zaunar da ita, tana matsa mata famfo a baki tana ƙirgawa. 'Yargoggo na tsaye da kasko a hannu tana ta salati.

"Ni da na yi don alheri..."

"Ba laifinki ba ne, Yaya," in ji Ya'u. "Ni na ce a gyara."

Sai wajen magariba ƙirjin ya sauka. Jamila ta kalli ubanta, shi kuma ya gane Asabar ta tabbata. Ya roƙa a ba shi kwana uku. Ya wanke labule, ya shanya matasai, ya buɗe tagogi, amma turaren kirki ba ya barin ɗaki don an roƙe shi. Kwana ukun nan a ƙarƙashin rumfa Kubura ta yi su, tana hangen ɗakinta daga kan tabarma.

Ranar Juma'a da yamma ya zauna kusa da ita.

"Hajiya, kin san zai tayar miki. Me ya sa kika shiga?"

"Na sani tun daga zaure." Ta gyara mayafi. "Alhaji, can komai warin leda yake da kananzir. In na rufe ido, wannan ƙamshin nake nema ba na samu. Ka ce in tsaya a ƙofa?"

Ya gyara mata bakin tabarma.

"Siminti ya yi kyau," ta ce. "Wa ya koya maka shara?"

"Wuya."

Ta yi dariya har sai da ta yi tari, Jamila ta leƙo daga madafa.

Asabar da safe ya raka su. Jamila ta ce in damina ta sauka, ƙura ta kwanta, za su sake gwadawa, amma da sabuwar katifa. Kubura ta leƙo ta tagar mota ta ce ya daina cin burodi.

Da ya dawo bai buɗe shago ba. Ya shiga ɗakin, ya zauna a bakin katifar. Ƙamshin na nan, irin na shekarun da take gida, ranar Juma'a in ta yi wanka ta turara tufafinsa. Ya kwanta a kai, babbar rigar ma bai cire ba, har aka kira azahar. Sannan ya tashi, ya kama katifar ta gefe ɗaya, ya ja ta waje.