Baunar Halliru

A bakin tashar Gummi, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro da 'yan kabu-kabu suka mayar majalisa, akwai ƙarti masu gemu, masu mata da 'ya'ya, waɗanda ba su da wata hira sai ta katin cingam. Kada ka yi musu dariya tukuna. Tun da aka hana caca karta ta ɓace daga kan benci, hannu kuwa ya saba da riƙe wani abu in ana jiran fasinja. Ana nan sai Ɗantani mai tireda ya fara saro wani cingam, kowane ƙunshi da ɗan kati a ciki, hoton dabba a sama, lambobi uku a ƙasa: ƙarfi, gudu, wayo. Don yara aka yi shi. Kafin damina ta fita iyayen yaran sun ƙwace wasan.

Wasan ba wuya gare shi. Kowa ya fito da kati biyar. Ɗaya ya kira lambar da za a gwada, kowa ya kife kati guda, a buɗe, mai babbar lamba ya ci. Wanda ya faɗi shi ke kiran na gaba. Wanda ya fara cin uku ya gama, sannan ya zaɓi kati ɗaya cikin biyar ɗin abokin wasansa ya zama nasa har abada.

Sayen ƙunshi ɗaɗɗaya ba ya kawo komai sai kunkuru da zomo, don haka suka koma watanda, irin wadda ake yi wa saniya da salla. A haɗu a sayi katan guda, wato kwali cike da cingam, a raba wa yaran unguwa cingam ɗin, a baje katunan a benci, a riƙa ɗauka bi da bi. Babba shi ke fara ɗauka. Babba a layin nan kuwa Audu ne, mai ƙaton wuya da muryar da ake ji daga ƙofar kasuwa, shi ke faɗin wanda zai kafa mashin a inuwa ya ɗauki fasinjan da ya sauko daga mota, shi ke faɗin wanda ba zai kafa ba. Ƙarami kuma Halliru ne.

Halliru ɗan Fulani ne daga wata ruga ta hanyar Bukkuyum. Ciwo ya shiga garkensu ya bar masa 'yan karsana biyu, ya sayar ya sayi mashin ya shigo gari. Audu ne ya ce a bar shi ya kafa a layi, kuma bai taɓa barin yaron ya manta da haka ba. In ba ka cikin layi a Gummi, sai ka yi ta zagaye gari kana ƙona mai kana kallon fasinja na hawa bayan wasu. Halliru ya san wannan sarai, Innarsa da ƙannensa ma da abin da layin ya bayar suke ci.

Audu yana da wata ɗabi'a. Ba ya roƙo, Allah ya kiyaye, babba ba ya roƙon yaro. Yabo kawai yake yi. Zai ɗauki katinka ya juya shi ya ce, "Kai, wanga kati ya yi kyawo," ya yi shiru. Kai kuma da aka rene ka da kunya ka san abin da ya rage maka. Haka damisar Halliru ta tafi. Haka kadansa ya tafi. Kowane karo sai ya miƙa da hannu biyu yana murmushi, ya koma ruga zuciyarsa na tafasa, ya rasa wanda zai gaya wa, don wa zai saurari saurayi yana kukan takardar cingam?

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, da hantsi, motocin ƙauye ba su fara sauke mutane ba. Aka baje watanda. Audu ya sa hannu ya ɗauke zaki. Surajo, wanda ke bi masa, ya ɗauke dorina, Audu ya ɗan yi gyaran murya, dorinar ta canza hannu. Haka aka yi ta wawar manyan dabbobi, kowa idonsa na kan lambar ƙarfi kamar babu sauran biyun. Da aka zo kan Halliru ya ɗauki dila. Zagaye na biyu ya ɗauki barewa. Aka kwashe da dariya.

"Ɗan Hillani miya za shi yi da su," in ji Surajo.

Halliru ya tattara katunansa. Shi bai taɓa ganin garken da aka cika da bijimai zalla ya yi albarka ba. Dila ba ta da ƙarfi, amma wayonta tara ne, ba dabbar da ta kai ta. Barewa ma haka a gudu. Tun da wanda ya faɗi shi ke kira, to duk lokacin da aka kayar da shi yana da abin ramawa a hannu. Abin da ya daɗe yana hana shi barci shi ne lissafin ba ya cika. Kiran farko na babba ne, don haka a yi ta ka ci na ci, na biyar ya sake faɗawa bakin Audu, Audu kuwa bai san wata kalma ba sai ƙarfi. Kati ɗaya tak Halliru yake nema, wanda zai tsaya a ƙarfi ranar da wani ya kira. Irin wannan kuwa ba ya kaiwa ga mai ɗaukar ƙarshe.

Amma watanda tana da gyara. Wanda ya ɗauki kashin ƙarshe ana ƙara masa ɗan wani abu don kada ransa ya ɓaci, a nan kuma ƙunshi guda ake bari ba a buɗe ba. Ɗantani ya jefo masa. Halliru ya yage takardar da haƙori, ya duba, hannunsa ya tsaya cak.

Bauna ce. Baƙa wuluk, ƙahoni a murɗe, ƙarfi tara. Ba a taɓa ganinta a Gummi ba. Zaki ma takwas ne. Giwa kaɗai ta fi ta, giwa kuwa guda ɗaya ce a garin, tana cikin aljihun gaban rigar Audu.

'Yan majalisa suka leƙo. Audu ya miƙo hannu, ya karɓa, ya ɗaga ta sama yana kallo, ya juya bayanta.

"Kai, wagga bauna ta yi kyawo," ya ce.

Kowa ya kau da kai, don an san ƙarshen zancen. Halliru ma ya ji hannayensa biyu suna shirin haɗuwa da kansu, yadda suka saba. Sai wani baƙin ciki ya taso masa. An ba shi kashin ƙarshe ya karɓa, an yi masa dariya ya haɗiye, yanzu kuma gyaran ma da aka ce nasa ne ba nasa ba ne?

"Ta yi kyawo, Yaya Audu," ya ce, ya sa yatsa biyu ya zare ta daga hannun Audu ya mayar cikin nasa. "Ni ma haka nig gani."

Ɗantani ya tsaya da katan a hannu, baki buɗe.

"Mi kac ce?" in ji Audu.

"Cewa niy yi ta yi kyawo. Ba ni bada ta."

"Ka san wa yas sa ka layin ga?"

"Na sani. Kai na. Na gode, kuma kullum ina godiya. Amma in kana son bauna, ga benci, taho ka ci ta."

Surajo ya matso yana raɗa masa, "Halliru, kati na fa, takarda ta. Ba shi ka huta, kak ka tada ma kanka hitina." Halliru ya ji shi, kuma ya san gaskiya ya faɗa. Amma bai janye ba. Ya zauna a ƙarshen benci.

Audu ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba, ya zauna ya zaro biyar ɗinsa: giwa, zaki, damisa, dorina, kada. Biyu daga ciki ma daga hannun Halliru suka fito. Halliru ya haɗa bauna da dila da barewa, ya cike da zomo da kunkuru. Masu kallo suka yi tsaki, wa ke shiga faɗa da kunkuru? Su ba su gane ba, kunkurun da zomon don a kashe su ya kawo su.

"Ƙarhi," in ji Audu.

Halliru ya kife kunkuru. Aka buɗe, zaki ne a ɗaya gefen. Audu ya riƙe giwarsa yana jiran bauna, ya ɓatar da zaki a kan kunkuru.

"Wayo," in ji Halliru, ya kife dila. Mai hankali da ya san zai faɗi sai ya jefa mafi ƙanƙantar katinsa. Amma Audu bai iya faɗuwa da gangan ba, bai taɓa koya ba. Ya kawo damisa, bakwai, dila tara. Ɗaya da ɗaya.

Wani a baya ya saki 'yar dariya ya maza ya haɗiye ta. Jijiyar wuyan Audu ta tashi.

"Ƙarhi!"

Nan ne wasan yake, Halliru ya sani. In ya sa bauna giwa ta fito, ya rasa wasa ya rasa bauna. In ya sa zomo giwar ba ta fito ba, tana nan tana jiran baunarsa a ƙarshe. Ba shi da tabbas, ƙarya ne a ce yana da shi. Ya dai ɗaga kai ya dubi Audu. Ya yi kiwo tun yana ɗan ƙarami, ya san bijimin da aka tunkuya a gaban shanu ba ya tsayawa lissafi. Mutumin da yaro ya kayar, har aka yi dariya, ba zai iya jira ba. Ya kife zomo, ya ce bisimilla a ransa.

Audu ya buɗe nasa da ƙarfi har bencin ya girgiza. Giwa. Sannan ya ga abin da giwar ta taka, fuskarsa ta canza.

"Gudu," in ji Halliru. Barewa ta wuce kada ko waiwaye babu. Biyu da biyu.

Saura kati ɗaya ɗaya, kuma ba wanda bai san su ba. Kira na Audu ne. Ya dubi dorinarsa, ya daɗe yana dubanta. Ƙarfi takwas, bauna tara. Gudu uku, bauna shida. Wayo uku, bauna huɗu. Ya bi lambobin nan sama da ƙasa kamar wata za ta ƙaru in ya matsa mata. Daga ƙarshe ya jefar da katin a benci bai kira komai ba.

Mota ta farko daga Anka ta shigo tasha tana hon, ba wanda ya motsa.

Yanzu sai zaɓe. Ba yau aka fara cin Audu ba, Surajo ma ya taɓa cinsa, amma duk wanda ya ci yakan yi kara ya ɗauki mafi ƙanƙanta, a yi dariya a ce sa'a ce, a tashi lafiya. Ƙofar nan a buɗe take ga Halliru. Da ya ɗauki kada, da Audu ya zage shi na kwana biyu ya huce. Ɗantani har nuna masa kadan yake yi da ido.

Halliru ya tuna Inna, ya tuna buhun geron da ya kusa ƙarewa, tsoro ya kama shi sosai. Amma ya san in ya ɗauki kada, gobe da safe za a sake yaba baunarsa, kuma ba zai sake samun zuciyar da ya samu yau ba. Ya miƙa hannu ɗaya ya ɗauki giwa.

"La ila!" in ji Surajo.

Audu ya miƙe a hankali. Bai ɗaga murya ba, wanda hakan ya fi tsawa muni.

"Hidda mashin ɗinka daga inuwag ga."

"To, Yaya Audu."

"Kuma kak in ƙara ganin ka kahe bakin tashag ga."

"Na ji. Inuwa taka ta." Halliru ya haɗa giwa da bauna ya sa a aljihu ya danne maɓalli. "Wanga ko nawa na, ci niy yi."

Ya tura mashin ɗin da hannu ya fitar da shi daga layi, ya ratsa ta gaban mutanen da ya yi shekara yana zama da su, ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Fasinjojin Anka suna ta saukowa da kayansu, 'yan layi suka taso kowa ya kama nasa. Wata tsohuwa da ƙullin barkono ta nufo shi, Surajo ya tare ta ya ce, "Inna, taho nan, wancan ba ya aiki." Bai dubi Halliru ba da ya faɗa.

Wannan ce ta fi yi masa ciwo, har idonsa ya kawo ruwa. Ya goge da hannun riga, ya hau, ya tayar da mashin. Rana ta riga ta yi zafi, man da ke tanki bai kai rabi ba, kuma bai san ta wace unguwa zai fara ba. Ya juya kan mashin ya shiga gari yana danna hon.