Bango a Bakin Taga

Magini ya kafa turke a gindin katanga, ya ja igiya ta ratsa tsakar gidan, ta bi ta gaban tagar ɗakin Tela har tana gogar ƙafar bencin da ke jingine a wurin. Nan take ƙarar keken ɗinki ta ɗauke. Akawu, mai gidan, yana tsaye da hannuwansa a baya, ya ji ɗaukewar ƙarar nan kamar an kira sunansa a gaban alƙali.

Tela ya leƙo, tabarau a karan hanci, guntun zare a leɓe.

"Akawu, shanya za a yi ne? Igiyar taka ta yi ƙasa da yawa."

"Awo ne kawai," in ji Akawu, idonsa a kan turken.

"To madalla. Ni ma awo ne sana'ata. Sai dai ban taɓa auna mutum na fasa yanka yadi ba."

Ya koma ciki. Keken ya daɗe bai tashi ba.

* * *

Da Akawu ya ajiye aikin ofis, gidan ya yi masa yawa. Matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, ɗakuna suka zama wurin da yake buɗewa ya leƙa ya sake rufewa. A lokacin ne dillali ya ɓullo, mutum mai santsin baki, da tarin makullai a ƙugu waɗanda ke riga shi yin sallama.

"Baba, haya ba ta son kunya," ya ce masa. "Ka fara da abin da ke hannunka. Babban ɗaki ka raba shi biyu. Kowa ya zo da mai tsaya masa. Kada ka ci abincin ɗan haya, kada ka shiga ɗakinsa. Ranar da ka ga inda yake shimfiɗa katifarsa, ranar ka tashi daga mai gida ka koma kawu. Sannan duk filin da ba rufi a kansa, asara ce take kallon sama."

Akawu mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana bin ƙa'ida, don haka ya bi wannan ma. Falo ya zama ɗaki biyu, ɗakin girki ya sami ƙofa da kwaɗo, shi kansa ya tattara ya koma ƙaramin ɗakin bakin ƙofa. Gida ya cika da mutane, amma kaɗaicinsa bai ragu ba. In ya fito, hira takan mutu, mata su ja yaransu, maza su gaishe shi da irin gaisuwar da ake yi wa likita mai allura.

Tela ne kaɗai bai san wannan tsoro ba. Ya girmi Akawu, yana fama da asma, ya ajiye kekensa a bakin taga saboda haske da iska. Akawu bai taɓa taka ɗakin ba, amma dillali bai hana zama a waje ba. Kullum da la'asar yakan zauna a bencin nan, Tela a ciki, shi a waje, su yi ta caccakar juna. In zare ya ƙi shiga, Tela ya miƙo allurar ta taga.

"Ungo, ɗan boko. A ci amfanin idon da gwamnati ta bari."

A duk yinin Akawu, wannan ne kaɗai lokacin da wani yake buƙatarsa.

* * *

Bayan an ja igiya da kwana kaɗan, Akawu ya tare dillali a ƙofar gida.

"Tagar bawan Allahn nan fa?"

"Wa ya ce za a toshe ta? Taki guda za a bari tsakaninta da bangon sabon ɗakin da za a gina. Taga tana nan a matsayinta na taga."

"Haske fa?"

"Baba, haske ka ba shi haya ko ɗaki?"

Akawu ya kira babban ɗansa a waya, yana fatan a hana shi. Ɗan yana cikin mota, ana jin hon a bayansa.

"Baba, ai ba gidan gajiyayyu ka buɗe ba. Rufin ɗakinka yana yoyo, ga maganinka. Mu ma nan da ƙyar muke. Ka bar mutumin ya yi aikinsa."

Duk gaskiya ne, kuma abin da ya fi damun Akawu ke nan. Da ƙarya aka yi masa, da ya sami abin musantawa. Ya riƙa gaya wa kansa cewa taki guda ma wuri ne, iska kuma ba ta neman izinin kowa kafin ta shiga.

Bulo ya fara hawa. Aka ɗauke bencin aka jingine shi a bayan banɗaki. Ranar da bangon ya kai ƙirji, Akawu ya tsaya a ɗaya gefen, shi da Tela suna ganin juna daga wuya zuwa sama.

"Ƙanena," in ji Tela. Bai taɓa kiransa haka ba. "Ban ce ka fasa ba, gidanka ne. A rage mini layi biyu daga sama, rana ta riƙa leƙo ni. Ba ta daɗewa, ba ta cin komai."

"Zan yi wa magini magana."

Ya yi maganar kuwa. Magini ya goge cokalinsa, ya ce in aka rage, kwano ba zai sami wurin zama ba, sai dai a sake lissafin katako gaba ɗaya.

"A tsaya ne, maigida?"

Akawu ya dubi tulin yashi, ya dubi leburori sun zuba masa ido. Daga bayan bangon yana jin tarin Tela.

"Ci gaba," ya ce.

* * *

Tela ya jawo kekensa bakin ƙofa, maƙwabta suka ce ya tare hanya. Ya mayar da shi ciki, ya koma ɗinki da fitila da rana tsaka. Aka fara dawo masa da riguna, wannan wuya ya karkace, wancan aljihu ya hau sama. Ƙarar keken ta riƙa raguwa, tarin yana ƙaruwa. Sau da yawa Akawu yakan zo har bakin labulen, ya tsaya, ya gyara murya, sai ya wuce kamar famfo ya zo dubawa. Ba dokar dillali ce take hana shi shiga ba yanzu. Ba ya son ganin yadda cikin ɗakin ya koma.

Wata safiya 'yar Tela ta zo da motar ɗaukar kaya. Ta gaishe da Akawu a taƙaice, ba ta ko rusuna ba. Aka fito da keken a ɗaure da tsumma, aka fito da mai shi yana dafe da kafaɗarta. Ya rame, hasken waje yana sa shi runtse ido.

"Likita ya ce iska nake buƙata," ya ce yana haki. "Na ce masa a gidanmu an gina ɗaki a kanta."

"Yaya..." in ji Akawu.

"Bari kawai. Mun zauna lafiya. Allah ya sa alheri a sabon ɗakin."

Da Tela ya zage shi, da ya fi sauƙi. Motar ta tashi, Akawu ya tsaya har ta sha kwana. Da ya juyo, matan da ke leƙe suka saki labulensu.

* * *

Ɗakin bai yi mako a rufe ba. Dillali ya zo da wani matashi da matarsa, tana rungume da jariri a cikin tawul. Karo na farko ke nan da Akawu ya shiga ɗakin tun da ya ba da shi haya. Azahar ce, amma sai da dillali ya kunna fitilar wayarsa. Iskar ciki tana da nauyi, tana warin danshi da man keke.

"Ga shi nan, ba hayaniya, ba mai leƙen ku," in ji dillali. "Ga taga ma."

Matar ta matsa ta tura murfin tagar. Ya tafi kaɗan ya bugi bulo. Ta tsaya tana kallon simintin da ya zubo ya daskare a jikin bangon, sannan ta dubi mijinta. Mijin ya sunkuyar da kai, da gani sun gaji da yawon neman ɗaki. Ya juyo wajen Akawu cikin ladabi.

"Baba, kai ne babba, kai za ka gaya mana gaskiya. Iska tana shigowa kuwa? Saboda yaron."

Makullan dillali suka yi ƙara a ƙugunsa. Jaririn ya motsa, ya yi ɗan atishawa, uwar ta ja tawul ta rufe masa kai.

"Da damina yakan yi sanyi," in ji Akawu.

Matashin ya yi godiya har da rusunawa, ya miƙo hannu biyu ya karɓi makulli.