Ƙarar Da Aka Wanke

Tun da Mama ta rasu, Baba ya daina magana sai ta dole. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana dukan ganguna a ƙungiyar kiɗan fank da sol, wanda ko cokali ya shiga hannunsa sai teburi ya gane kurensa, yanzu wuni yake a kujera ya zuba wa bango ido. Abin ya tsaya wa 'yarsa ta fari a rai. Nas ce a asibiti, ta san maganin hawan jini da na ciwon gwiwa, amma wannan shirun ya gagare ta. Tsoronta kada ya bi Mama tun ba a je ko'ina ba.

Tana kwashe kayan Mama ne ta tsinci wani kaset a ƙasan akwati, an rubuta masa "Na farko" da biro. Ta aro rediyo mai kaset ta saurara ita kaɗai. Su Baba ne kuwa, tun suna samari, kafin kowa ya san da su: jitar bes kamar za ta fasa lasifika, ƙaho biyu suna rige-rige, mawaƙi yana ihu har muryarsa na tsagewa. Sai dai akwai wata ƙara a ƙarƙashi, ƙwas-ƙwas-ƙwas, daga farko har ƙarshe.

Ta kai wa wani mai gyaran sauti da ke saman shagon takalma. Ya toshe kunnuwansa da na'ura, ya yamutsa fuska.

"Sai ka ce ɓera a rufin ɗaki. Ba ni kwana uku, zan wanke miki shi tas."

Ya wanke kuwa, ya tura mata a waya, har da yabon kansa.

Da safe bayan Baba ya sha shayi, ta ajiye wayar a hannun kujerarsa ta kunna. Ta kafe yatsunsa da ido. Ko motsi ba su yi ba.

"Su wane ne waɗannan?" in ji shi.

"Ku ne mana, Baba."

"Sun iya. Amma ba mu ba ne."

Ta matso kusa da shi. "Wallahi ku ne. Ƙarar da ta ɓata shi kawai na sa aka cire."

Ya juyo gaba ɗaya, abin da rabonsa da yi tun ranar rasuwar. "Wace ƙara?"

Ta kwaikwaya masa da baki.

"Kai, yarinyar nan! Uwarki kika sa aka cire? Ɗauko kaset ɗin."

Da ƙwas-ƙwas ɗin ya tashi, sai ga ɗan yatsan Baba ya fara bugun katakon kujera, daidai da shi. Ashe keken ɗinkin Mama ne. A lokacin ba su da wurin gwaji sai bayan shagonta, ita kuwa ta rantse ba za ta ajiye aikinta don hayaniyar marasa aikin yi ba.

"Da muka ga ba za ta tsaya ba, sai muka bi ta," ya ce. "Duniya na cewa ni na ƙirƙiro wannan bugun. Ina! Ƙafarta nake bi."

Ya yi ta zuba kamar ba shi ba. Can ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ji nan."

Keken ya yi ɗan tuntuɓe, ganguna suka bi shi, ƙahonin suka watse kafin kowa ya dawo hanya.

"Mai ƙaho har ya mutu yana yi min gorin wannan kuskuren. Ban taɓa gaya masa ba. Cikinki wata bakwai a lokacin. Ke ce kika harbe ta."

Nas ɗin ta buɗe baki za ta yi dariya, kuka ya riga ta. Baba ya laluba ya kamo hannunta, ya ɗora shi kan maɓallin rediyon.

"Mayar baya," ya ce. "Ki ji kanki da kyau, ɓata-kiɗa kawai."