Hoton Shagon Mai Agogo

Babanmu da yankan hatimi ya fara, irin na roba da ake buga wa takardun ofis. Wani tsoho ne ya koya masa rubutu a juye, har hannunsa ya faɗa. Daga nan ya koma katako. Sai ya sassaƙa hoto a jikin allo da 'yan wuƙaƙensa, ya shafe shi da tawada, ya ɗora takarda, ya bi bayanta yana gogawa da cokali. Inna takan ce cokulan gidanmu sun fi sanin ɗanɗanon tawada a kan na miya. Kowane hoto ashirin yake bugawa, ya sa lamba da hannu a ƙasa da fensir. Adon tufafin mutanen da yake zanawa kuwa daga wurin kakarmu ya ɗauko, don masaƙiya ce, kuma a gindin masaƙarta ya yi rarrafe.

Ina makarantar koyon jinya a wani gari ya rasu. Kafin in iso, Kawu ya kwashe ɗakin aikin saboda mai gida na son abinsa. Allunan sun ƙare a murhun maƙwabta, takardun kuma kowa ya ɗebi rabonsa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tsintar su ɗaya ɗaya. Na samu a wurin dillalin tsofaffin littattafai, na samu a barandar wani otal, ruwa ya ci gefensa. Na koyi bambance na asali da na inji: fensir yana ƙyalli in an karkata takardar, tawadar kuma tana da tudu a ƙarƙashin yatsa. Yayana yana min tsiya, wai saura in sa mai gadi a ƙofar falona in fara yanka wa mutane tikiti.

Akwai guda da ban taɓa gani ba. Inna ce ta ba ni labarinsa kafin ta rasu: ita ce zaune bakin taga tana taje min kai.

Wata rana wani majinyaci mai karaya a ƙafa ya hango hotunan a wayata, ya ce ai akwai irinsu a shagon mai gyara masa agogo. Ina tashi aiki na nufi can, ko kayan asibiti ban cire ba.

Shagon ɗan tsukuku ne, agogunan bango sun kai talatin, kowanne da lokacinsa. Dattijon na sunkuye da madubi a ido ɗaya. Hoton yana saman kansa, na tara cikin ashirin. Inna a ciki ba ta kai shekaruna na yanzu ba, ta cije leɓe yadda take yi in gashi ya cukurkuɗe. Ni kuwa ƙeyata kawai ake gani, da kunne ɗaya.

Na gaishe shi, na faɗa masa ko ni wace ce, na roƙe shi ya sayar min. Ya cire madubin ya daɗe yana kallona. Ya ce matarsa ce ta zaɓi hoton shekarar da suka yi aure. Allah bai ba su haihuwa ba, sai ta riƙa kiran yarinyar da ke cikin hoton 'yarsu, har ta rasu bara.

"Ashe ke ce," in ji shi. "Shekara talatin muna jiran ki juyo."

Ya jawo min kujera, ya goge ta da hannun rigarsa.

"'Yata, ki yi haƙuri, ba zan iya rabuwa da shi ba tukuna. Amma ƙofar nan a buɗe take."

Ban sake tayar da maganar ba. Duk Alhamis nakan biya bayan aiki, in auna masa hawan jini, ya yi ta musu wai na'urar ce ke ƙarya. Sai ya koma kan aikinsa, ni kuma in zauna ina kallon hannun Inna a cikin gashina har lokacin rufe shago.