Wani Yaron Fulani

Wa ya fara cutar wani, Dikko ko Lurwanu? Ko waɗanda suka raba su a kasuwar Mayahi ba su yanke ba har yau.

Lurwanu yana ɗaura buhun gero a babur, sanda ta sauka a ƙeyarsa. Ta biyu ta fasa masa gira. Ya kife, jini ya rufe masa ido. Dikko makiyayi ya take masa hannun dama, ya murza har yatsa ya karye.

"Da wannan ka rubuta? Da wannan?"

Lurwanu ya daɗe yana haɗa littafi a kan faɗan burtali da aka yi a garinsu, wanda wansa ya mutu a ciki. Satin da ya wuce aka karanta babi ɗaya a rediyo. Tun kafin nan Mushe Talle, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke duba masa rubutun, ya gargaɗe shi: "Abin da ya faru kake rubutawa, ba tatsuniya ba. Tafi ruga ka ji bakinsu." Lurwanu ya rantse ba zai zauna da makasan wansa ba.

Mahauta suka yo kan Dikko, suka maka shi da ƙasa. Wani ya zabga masa itace a baki, haƙori ya fita. Bai daina ihu ba.

"Manoma ka faɗe su kowa da sunansa da na ubansa! Har jakin da aka sare ka faɗi mai shi! Nawa ɗan fa? 'Da wani yaron Fulani.' Wani! Ni na haife shi, ni na gina raminsa!"

Mushe Talle ya kutso yana haki. "Ku bari, kar ku kashe shi! A kira jandarma!"

"A bar jandarma," in ji Lurwanu. "Ku ɗaga shi."

"Kai, duka ya taɓa maka ƙwalwa?" wani mahauci ya ce.

Lurwanu ya ja jiki ya zauna a ƙasa gaban Dikko. Ya miƙa wa Mushe hannun hagu. "Ara mini bik da takarda."

Ya dubi Dikko da ido ɗaya. "Me sunansa?"

Dikko ya tofar da jini.

"Hamidu."

Lurwanu ya rubuta, baƙaƙen suna karkacewa.

"Ranar faɗan da safe, ina Hamidu ya nufa da shanun? Fara daga can."