Ƙafar Sojan Tagulla

Shekara goma sha ɗaya Maharazu ya yi yana gyaran kayan tagulla a wani shago a unguwar Al Khabaisi, can ƙasar Larabawa. A 2018 aka sauke musu kwantena ɗauke da mutum-mutumin soja daga wani ƙaramin gari a gaɓar Gabashin Afirka. Mutanen garin sun kafa shi ne don tunawa da 'ya'yansu da yaƙi ya ci, iskar teku kuwa ta mayar da shi kore shar.

Da aka zo rabon aikin gyaransa, Maharazu bai yi shakkar shi za a ba fuskar ba. Sai Madam, mai shagon, ta ba Abednego, mutumin Kafanchan da ko shekara bai cika a wurin ba.

"Hannunsa da taushi," ta ce. "Kai ka riƙe ƙafafun. Yalla, maza."

Kullum Maharazu yana durƙushe gaban takalman sojan, yana satar kallon Abednego a kan tsani, yana jiran ya kankare fiye da kima. Bai kankare ba. Idanun suka fito, har da tsagar da ke kumatu.

Maharazu yana cikin goge diddigen hagu ya ga siririyar tsaga. Da ya leƙa da tocila, ƙarfen da ke riƙe da sojan daga ciki duk tsatsa ta cinye. Sati uku ya yi yana cire shi gutsure-gutsure, ya sa sabo, ya liƙe, ya shafe da kakin zuma har ba a gane wurin.

Ranar da aka nuna wa dattawan garin aikin ta bidiyo, wata tsohuwa ta ga fuskar ta fashe da kuka. Suka ce a nuna musu wanda ya yi. Madam ta jawo Abednego.

"Malam Maharazu ne ya hana shi faɗuwa," in ji Abednego, yana nuna ƙasa.

Suka gyaɗa kai, suka roƙi a sake ɗaga kyamarar sama.

A motar komawa masaukinsu a International City, Abednego ya zauna kusa da Maharazu.

"Malam, ka koya mini wannan liƙin mana."

Maharazu ya juya kai wajen titi. Ya san in ya koya masa, wata shida ya isa ya fi shi.

"Sai an ga hali," ya ce, ya sa abin jin sauti a kunne.